Ba kowane hazo ne "fog" ba

Na gaji da gyara wannan kuskure a takardun sababbin masu fassara. Da sun ga hazo sai su rubuta "fog", sai ka ce kalma ɗaya Turanci ke da ita. Ni ma na sha wannan dukan. Wata shekara cikin hunturu aka ba ni rahoton jiragen da suka kasa sauka a Kano, na zuba "fog" har sau huɗu. Mai aikin ya maido min da takardar ta sha jan biro, ya ce, "Malam, danshi ne ke tsaga maka leɓe?" Aiki na gaba wani aka ba.

"Fog" ruwa ne, ƙananan ɗigo da ke rataye a iska kamar gajimare ya sauko ƙasa, kuma masu hasashen yanayi ba sa kiran sa haka sai ya hana ganin abin da ke nisan kilomita 1. Hazon hunturu kuwa busasshiyar ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi. Sunansa "haze". Ni dai kafin in rubuta nakan tuna gilashin mota: in ya jiƙe, "fog" ne, in ƙura ta rufe shi har kana iya rubuta sunanka da yatsa a kai, "haze" ne.

Don Allah kuma ku daina cewa daga hazo Turawa suka ari "haze". Kamar sauti ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane ba ce.

"Mist" shi ma danshi ne, sai dai bai kai "fog" kauri ba. Mai fassara daga Jamusanci ya kula, a can "Mist" taki yake nufi.

"Smog" ma kuna jefa shi inda kuka ga dama. An haɗa shi ne daga "smoke" da "fog", ya bazu a Ingila daga 1905, lokacin da hayaƙin kwal ke cakuɗuwa da hazon Landan. Na Disambar 1952 ya kashe mutum kusan 4,000 a ƙidayar farko, shi ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. In babu hayaƙi a rahoton, ku bar kalmar nan ta huta.