Masu ƙananan kyamarorin bidiyo, ku duba fayil kafin ku goge kati

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan shawara ce ga masu sayen ƙananan kyamarori na hannu don ɗaukar biki ko walima.

Kafin ka biya kuɗi, ɗauki bidiyo na minti ɗaya, ka zuba a kwamfuta ka ga ƙarshen sunan fayil ɗin. In MP4 ne, ka huta. Amma tsofaffin kyamarorin JVC Everio suna fitar da fayil mai ƙarshen suna MOD ko TOD, waɗanda wayoyi da yawa ba sa buɗewa. MOD ɗin a zahiri MPEG-2 ne, wato wani tsohon tsarin bidiyo, in ka sauya sunan zuwa .mpg yakan buɗe. Sai dai akwai ɗan ƙaramin fayil mai suna MOI a gefensa, kada ka yar da shi. A nan bayanin faɗin hoto yake, in babu shi sai ka ga amarya ta tsuke, fuskarta ta yi tsawo.

Na Sony da Panasonic kuwa, masu tsarin ɗaukar bidiyo na AVCHD da kamfanonin biyu suka fito da shi a 2006, suna yanka dogon ɗauka gida-gida, kowane yanki fayil mai ƙarshen suna MTS. In ka kwashi fayilolin MTS kaɗai ka jera, sauti kan ɗan tsinke a mahaɗa, wataƙila daidai lokacin da liman ke addu'a. Abin yana min ciwo, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi. Don Allah kafin ka goge katin kyamarar, ka kwafe jakar AVCHD da ke cikinsa gaba ɗayanta, waje biyu.

Sannan ka duba da VLC, manhajar kunna bidiyo, ka juya kwafi zuwa MP4 da manhajar HandBrake, ka bar na asalin yadda yake. Dukansu kyauta ne.