Kafin ka haɗiyi Cipro, ga abin da nake faɗa wa masu zuwa kantina

A kantin magani nake wuni, kuma kusan kullum sai an miƙo mini kuɗi ana cewa, "Malam, ba ni maganin taifot." Ciprofloxacin suke nufi, wanda kowa ke kira Cipro. Shi da ofloxacin da levofloxacin 'yan gida ɗaya ne, duk sunayensu na ƙarewa da "floxacin", kuma suna kashe ƙwayoyin bakteriya iri-iri: na mafitsara, na hanji, na ƙashi, har da na taifot ɗin. Ƙarfin nan nasu shi ya sa ake wasa da su.

Fara da tambayar ko kana bukatarsa. Mura da tarin sanyi ba ruwansu da shi, domin yawanci ƙwayar bairos ce ke kawo su. Zazzaɓi kuwa a fara gwada maleriya. Gwajin Widal da ake dogara da shi yakan nuna taifot ga mutumin da ba shi da shi, gwajin da ake shuka jini a ga ƙwayar ya fi tabbas. Mai ciwon sanyi na saduwa ma kada ya dogara da Cipro, ƙwayar ta daɗe da gagararsa, tun 2007 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire shi daga magungunan wannan ciwo. Mai tarin da ya wuce mako biyu kuwa ya je a duba majinarsa tukuna, don magungunan nan suna iya lafar da tarin fuka na ɗan lokaci, a makara wajen gano shi.

To, likita ya rubuta maka. Kafin ka bar gabansa, ka gaya masa idan kana da ciwon suga, farfaɗiya, ciwon ƙoda ko na zuciya. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa. Yaro ba a ba shi sai likita ya auna ya ga babu makawa. Ka lissafa abin da kake sha, musamman theophylline na asma da warfarin na tsinka jini, domin Cipro yana ƙara musu ƙarfi a jiki.

Ƙwayar Cipro galibi sau biyu ake sha a rana, awa 12 tsakani. Idan ka sha ƙarfe bakwai na safe, ta biyu ƙarfe bakwai na dare. Ka bi ta da ruwa kofi guda, ka kuma yawaita shan ruwa har dare. Ka manta? In da sauran awa shida ko fiye kafin ta gaba, sha. In ba haka ba, bar ta, kada ka haɗa biyu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne abin da ake haɗa ta da shi. Na ga dattijo ya ɓare ƙwaya a bakin kanti ya kora da fura da nono. Sinadarin kalsiyam na cikin nono yana kama maganin tun a hanji, wani kaso ya fita bai shiga jini ba. Madara, kindirmo da yogot duk haka ne, a ba su tazarar awa biyu. Farin maganin olsa na kwalba, jan maganin ƙarin jini da zinc sun fi muni: ka sha Cipro awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Kofi da shayi mai kauri kuma a rage, don bugun zuciya da rashin barci kan ƙaru. Masu aiki cikin rana su rufe jiki, fata takan ƙone da wuri.

Tashin zuciya da ɗan sakin ciki ba abin tsoro ba ne. Abin da nake jaddadawa shi ne agara. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan wannan rukuni saboda kumburi da tsinkewar jijiya, kuma agara ce ta fi kamuwa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da mai shan prednisolone ko dexamethasone. 'Yan'uwa mata masu shan dexamethasone don ƙiba, da ku nake. Da ka ji bayan diddigenka yana ciwo ko ya kumbura, dakatar da maganin, huta da ƙafar, ka ga likita a ranar. Ƙwallo da gudu su jira.

Haka za ka yi idan tafin hannu ko ƙafa ya fara zugi ko mutuwa, ko ka ji ruɗewa da firgici, ko gudawa mai jini. Mai ciwon suga ya riƙa gwaji, don suga na iya faɗuwa. Kumburin fuska, sarƙewar numfashi, ko ciwo mai tsanani da ya taso kwatsam a ƙirji, ciki ko baya, wannan asibiti ne nan take.

In babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka cika kwanakin da aka rubuta ko da ka ji sauƙi a rana ta uku. Masu sayen ƙwaya huɗu su ce za su dawo, ba na sayar musu, sai su yi fushi su tafi gaba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Ragowar kuma kada ka ajiye wa maƙwabci, ka mayar kanti a zubar da shi yadda ya dace.