Yadda za ka ceto tsohon kaset ɗin bidiyo kafin ya lalace

Idan akwai kwalin kaset-kaset na biki ko suna a ƙarƙashin gadonku, kada ka yi gaggawar cusa ɗaya a cikin bidiyo. Nan ake yawan yin asara.

Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da VHS a 1976, shekara guda bayan Betamax na Sony, kuma tun 2016 aka daina ƙera injinsa. Wanda ke hannunka sai lallaɓawa. Zaren kaset faɗinsa rabin inci ne. Injin yana jawo shi ya naɗa a jikin wata ganga mai sheƙi da ke zaune a karkace, tana juyi sau 1,500 a minti a tsarin hoton talabijin na PAL da muke amfani da shi a Najeriya. A gefenta hed yake, ɗan ƙanƙani, shi ke karanta hoto. Datti kaɗan ya toshe shi, sai ka ga allo yana yayyafi alhali murya na fita.

Fara da leƙa tagar kaset ɗin. Farin gari ko tabo a kan zaren funfuna ce, aikin danshin daminar Kaduna. Irin wannan ware shi ka kai wa mai gyara, domin zai ɓata hed, ya kuma shafa wa sauran. Mai tsabta kuwa, ɓalle ɗan harshen robar da ke bayansa don kada a ɗauki wani abu a kai bisa kuskure. Tura shi har ƙarshe, ka tariyo, zaren ya saki jiki.

Wajen wanke hed, zare wuta tukuna. Jiƙa farar takarda da sifirit na isopropyl, ka dafa ta a hankali a jikin gangar, ka juya gangar da yatsa. Kada ka goga sama da ƙasa, kada ka sa auduga. Tana maƙalewa ta karya hed, kuma ba ya gyaruwa. In injin yana tauna zare, bel ne ya saki ko tayar robar da ke danne zaren ta ƙandare.

Sannan, don kwafe kaset ɗin, haɗa wayoyin nan uku da ke fitowa daga injin, rawaya ta hoto, fara da ja na murya, da na'urar kwafa ta USB zuwa kwamfuta. Kaset E-180 awa uku zai ci cur. Ajiye na asalin a tsaye, nesa da sifika.