Yadda ake cin kasuwar Bac Ha ta 'yan ƙabilar Hmong ba tare da an yi zuwan banza ba

Maganar biza da tikitin jirgi ba zan tsaya a kai ba, wanda ya kai ga tunanin kasuwar ƙauye a tsaunukan arewacin Biyetnam ai ya wuce wannan. Daga Hanoi, babban birnin ƙasar, za mu tashi.

Da farko ka san ranar kasuwa. Bac Ha, a lardin Lao Cai, Lahadi take ci. Can Cau da ke arewa da ita kamar kilomita 20 Asabar, Coc Ly kuma Talata. Kamar dai Wudil da Juma'arta ne, in ka je ran Litinin rumfuna kawai za ka tarar. To ka tsara tafiyarka ta faɗo ƙarshen mako, ka ci biyu a zuwa ɗaya.

Daga Hanoi ka hau jirgin ƙasa na dare zuwa garin Lao Cai ran Alhamis ko Juma'a, awa 8 ne ko kusa da haka, da asuba kana can. Akwai bas mai gadaje, ta fi araha kuma ta fi sauri tunda aka buɗe babbar hanyar a 2014, amma ni jirgin nake cewa a hau, mutum ya yi barcinsa ya huta da kuɗin otal na dare guda.

Yanzu ga inda kusan kowa yake faɗuwa. Suna sauka a Lao Cai sai su wuce Sapa, garin 'yan yawon buɗe ido, don sunanta suka sani, su kama ɗaki can, sannan ran Lahadi su biya kuɗin motar 'yan yawon buɗe ido ta kai su Bac Ha. Wallahi kar ka yi haka. Sapa tana yamma, Bac Ha tana gabas, tsakaninsu tafiyar kusan awa 3 ce a hanyar dutse mai kwane-kwane, motar sai ta bi otal-otal tana kwasar mutane, wani bai gama karyawa ba wata tana neman hularta, kafin ku isa ƙarfe 10 ta yi ko ta wuce. A lokacin mutanen da suka sauko daga tsauni tun duhun asuba, wasu a ƙafa da kwando a baya wasu a babur da kaji ɗaure, sun gama cinikinsu na gaske sun koma rumfunan abinci. Abin da za ka tarar layin masu sayar da jakunkuna da gyale ne da Turawa suna ta ɗaukar junansu hoto. Sai ka ji mutum ya dawo yana cewa ai kasuwar ta lalace ta zama ta baƙi, alhali shi ne ya makara.

Maganinsa kwana a Bac Ha. Daga Lao Cai ka nemi motar Bac Ha kai tsaye, kamar awa 2 ne, ka kama ɗaki cikin gari ko a gidajen 'yan ƙabilar Tay da ke sauke baƙi a gefen gari. Ka kama da wuri fa, ran Asabar da dare ɗakuna cika suke yi kuma kuɗi yana hawa. Kana idar da sallar asuba ka fito, kafin ƙarfe 7 kana ciki.

Kana shiga kar ka tsaya a bakin ƙofa, ka zarce kara. Nan ake jan ɓaunar noma, manya baƙaƙe masu faɗin ƙaho, da dawakai gajeru na hawan dutse, ana duba haƙori ana shafa ƙafa ana zagaya dabba. A gefe za ka ga maza sun tsuguna gaban kejin tsuntsaye suna sauraron kukansu kafin su taya. Akwai kuma sashen aladu da na karnuka, in ba ka so sai ka kauce. In dabbobi ne suka kai ka ma, ta Can Cau ran Asabar ta fi, ka ɗauki ɗan acaɓa da sassafe.

Abinci kuma, ɗan'uwa Musulmi ka buɗe ido. Babbar tukunyar nan da ke tafasa kowa ya kewaye ta, thang co ce, naman doki da kayan cikinsa, kuma yankan ba namu ba ne. Alade yana cikin kusan komai har romon taliya. Ruwan da mata ke sayarwa a jarkoki fari tas giyar masara ce, ta ƙauyen Ban Pho ta yi suna, za a miƙo maka ɗanɗano da fara'a, ka yi murmushi ka girgiza kai. Ka tsaya a dafaffiyar masara, rake, dafaffen ƙwai, ayaba, da shinkafar nan mai danƙo da ake rinawa kala-kala da ganye. Ka zo da guzurinka ma ya fi.

Kuɗi tsaba za ka riƙe, dong, wato kuɗin ƙasar, kuma ƙanana. Takardar 20,000 da ta 500,000 duk shuɗi-shuɗi ne, baƙi suna miƙa babbar a madadin ƙaramar, ka raba musu aljihu.

Tufafin matan Hmong masu ado, su ake kira Hmong na furanni saboda launukan kayansu, yawancin na rataye yanzu bugun inji ne daga Chaina, iyaka ba nisa. Juya bayan ƙyallen, aikin hannu zarensa yana fitowa ba a jere ba, rinin baba kuma yana ɗan kama yatsa. Ka taya amma kar ka matsa wa tsohuwa a kan canjin da ba zai saya maka shayi ba. Hoto ka nuna kyamara tukuna, in ta kau da kai ka bar ta.

Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne sosai da hazo, ka zo da rigar sanyi, da damina kuma caɓi, takalmi rufaffe. In an watse bayan azahar ka leƙa gidan Hoang A Tuong, tsohuwar fadar wani basarake da aka gama ginawa a 1921, da ƙafa ma ana zuwa, amma ka fara tambayar lokacin motar ƙarshe ta Lao Cai kafin ka tafi.