Makarin allura a fistol 1911: yadda ake saita shi

Wannan bayani na ƙannena ne masu aiki a ma'ajiyar makamai ta hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin bindigogin da aka haramta wa farar hula sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka ba aikin maƙerin bakin kasuwa ba ne.

A bayan silaid, wato saman bindigar da ke zamewa gaba da baya, akwai ɗan faifan ƙarfe, shi ne makari, da ke tare allura mai sukar gindin harsashi, ya kuma riƙe ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Gindinsa ne ke tura guduma mai bugun allura baya idan an harba. A ƙirar John Browning ta asali, lanƙwasar gindin 5/64 na inci ce, wajen milimita 2. Daga baya sojan Amurka suka faɗaɗa ta zuwa 7/32 don jan silaid da hannu ya yi sauƙi. Ni ta farko na fi so. Tana taɓa guduma can ƙasa, kusa da inda take juyawa, sai silaid ya sha wuya kafin ya taso. Shuri ya lafa, bakin bindiga ya rage ɗagawa, kwanso kuma ya daina faɗawa nesa.

Cire gidan harsashi, ka leƙa cikin bindigar da idonka ka tabbatar babu harsashi. Ka samo sabon makari mai ɗan kauri, irin na kamfanin EGW, ka adana tsohon. Gefen makarin za ka ci da magagari, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. Kada ka taɓa silaid da magagari. Ka shafa tawada ka ga inda yake gogawa. Idan ya shiga da ɗan bugu mai sauƙi ya isa, domin makari mai lilo shi ke barin ƙugiya ta juya, kwanso ya maƙale.

Sai gindin. Kada ka bar shi da kaifi, zai ci fuskar guduma. Ka zagaye shi daidai daga gefe zuwa gefe, ka goge da takardar yashi mai laushi. Sifirin kuwa ka bar na asali, fam 16 na silaid da fam 23 na guduma.

Ƙurar hunturun Katsina ba ta raga wa ƙarfe, ga silaid ya ƙara nauyin ja. Ka rage mai, ka gwada a filin harbi da harsashin da ake rabawa kafin ka mayar da bindigar ga mai ɗaukarta.