Yadda nake ɗan mulmulen biskit da gyaɗa, ba wuta ba obin

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Yau dai na samu sararin rubuta muku abin nan da kuka dame ni da tambaya tun ranar sunan gidan Yaya, wato ɗan mulmulen da na zuba a tire aka wawashe kafin a sallame la'asar. Wasu sun ɗauka dakuwa ce, wata ma cewa tayi daga Kano na yo odarsa, wallahi a tsakar gidanmu na yi shi da turmi da taɓarya, ko ashana ban ƙyasta ba.

Asalin abin na Turawa ne, su da biskit ɗin Oreo suke yi, baƙin nan mai farin kirim a tsakiya da aka fara yinsa a Amurka tun 1912, sai su haɗa shi da garin furotin, wato sinadarin gina jiki, irin wanda masu ɗaga ƙarfe suke sha. Shi wannan garin daga ruwan madara ake fitar da shi, ruwan da yake saura in an yi cuku, kuma tsadarsa ba ta talaka bace, nan garinmu ma ko da kuɗinki ba inda zaki ganshi. Toh ni da na duba sai naga ai abin da ake nema a cikinsa muna da shi jibge a rumbu, gyaɗa ce da waken suya, sai madarar gari da ba a rasa ta a shagon unguwa.

Ki gane wani abu tun yanzu, biskit ɗin nan ba shi ne abincin ba. Fulawa ce da suga da mai, ɗan abin gina jikin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, aikinsa kawai ya ba da daɗi ya riƙe haɗin kuma ya ja hankalin yaro. Gyaɗa ita ce uwar tafiya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, madarar gari ta ainihi ma kusan haka take, waken suya kuwa ya fi su duka don ya haura kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka in kuɗi ya gaza ki rage biskit, kar ki rage gyaɗa.

Awon da nake yi da gwangwanin madarar ruwa ne ƙarami, wanda kowa ke da shi a kicin. Biskit mai kirim a tsakiya guda 20, ba sai Oreo ba, duk wanda kika samu mai kirim ya yi, mai kalar cakulet dai ya fi shiga da gyaɗa, mai ɗanɗanon lemo ko ayaba kam ban baki shawara ba, ni dai bai min ba. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa soyayya gwangwani ɗaya, wadda ba a matse manta ba. Madarar gari rabin gwangwani. Garin waken suya soyayye rabin gwangwani. Zuma cokali biyu na cin abinci, in babu ki samu dabino mai laushi kamar 8 ki cire ƙwallon. Gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Sai riɗi soyayye na birgima, mu nan Jigawa riɗi ba abin nema bane, Baban su in yaje Maigatari ranar Alhamis shi yake taho min da shi in namu ya ƙare.

Maganar madara ki buɗe ido. Akwai wata farar hoda da ake aunawa a kasuwa ana ce mata madara alhali ta shayi ce kawai, mai ne da sitaci aka haɗa, tana sa shayi fari amma ba abin gina jikin kirki a cikinta. In ta leda zaki saya ki duba bayanta ko ki ba ɗan makaranta ya karanta miki nawa aka rubuta na furotin a giram 100, in kika ga wajen 24 zuwa 26 to ita ce cikakkiya.

Waken suya shi ne wurin da zan ɗan tsaya, don nan mutane ke kuskure. Ba a cin sa ɗanye. Yana da wani sinadari da yake hana ciki narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi, in kika niƙa ɗanye kika zuba, ga gafi ga kumburin ciki, yara su kwana suna murƙususu. Ki tsince shi tas, ki zuba a kasko a wuta kaɗan kaɗan kina juyawa ba tsayawa har ya yi ja-ja yana ƙamshi, in kika tauna ɗaya ya fashe ƙaras ba wannan warin ɗanyen wake, sannan ki sauke ya huce, ki ɓarza ki sheƙe ɓawon, ki kai inji ki tankaɗe. Nasan wata zata ce ai kin ce ba wuta, eh, wannan aikin rana ɗaya ne, mudu guda zai kai ki makonni in kin rufe shi da kyau, har kunun yara kina zubawa. In ba zaki iya ba ki daka ƙuli-ƙuli ki maye gurbinsa, amma don Allah ki ɗanɗana tukunna, ni ranar farko mai yaji na daka ban lura ba, Inna ta gutsura ta dube ni tace ke wannan alawa ce ko yajin tsire.

Gyaɗar ma ki tsince ta da kanki kafin a soya. Duk wadda ta yi baƙi, ko ta motse, ko take da fumfuna ko ɗaci, ki zubar, kar ki ce asara. Fumfunar gyaɗa tana fitar da guba mai taɓa hanta kuma suya bata kawar da ita.

Toh yanzu haɗi. Ki wanke turmi ya bushe ƙayau, wanda ba a daka tattasai ko daddawa a ciki ba, in kuma duk turamenki sun sha yaji ki zuba biskit ɗin a leda mai kauri ki ɗaure ki bi ta kai da kwalba ko muciya. Ki zuba biskit da kirim ɗinsa gaba ɗaya, kar ki kankare, shi kirim ɗin yana taimakawa wajen kama jiki. Daka sama sama zaki yi, ba irin dakan fura ba, so ake ya zama kamar tsaki mai laushi, ni ina barin 'yan gutsattsari don a ji ƙaras ƙaras a baki. In dabino zaki sa ki daka shi daban har ya zama kamar danƙo sannan ki haɗa.

Ki juye a roba mai faɗi, ki zuba madara da garin waken suya da gishiri ki gauraya su a bushe tukunna, in ba haka ba madarar zata dunƙule wuri guda. Sai ki kawo gyaɗar, ki fara juya ta don man da ya taso sama ya koma ciki, ki zuba rabi ki cuɗa da hannu, ki ƙara zuma, sannan ki dinga ƙara sauran kaɗan kaɗan. Dalilin da yasa ban ce ki juye duka ba, gyaɗa ba ɗaya bace, wata mai ne zalla wata kuma a bushe take, biskit ma wani kirim ɗinsa ya fi na wani yawa. Gwajin shi ne ki damƙi kaɗan a tafin hannu ki matse, in ya tsaya bai warware ba kuma bai bar miki mai yana naso ba, ya yi. In yana marmashewa ƙara gyaɗa cokali ɗaya. In ya saki yayi ruwa ruwa ƙara madara ko garin wake.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki sa ruwa. Ko ɗigo. Ko madarar ruwa, ko nono. Na taɓa ganin ya min tauri na yayyafa ruwa, nan take biskit ɗin ya jiƙe ya koma kamar ƙullin ɗanwake, na dai lallaɓa na mulmula, washegari da zafin nan na bazara ya fara tsami sai kaji na watsa wa. Rashin ruwan shi ke sa ya daɗe, kamar dai yadda dakuwa ke kwana da kwanaki.

Ki rufe haɗin ya huta kamar minti 20 a wuri mai sanyi, garin zai tsotse man ya fi daɗin mulmulawa. Sai ki dinga ɗiba da cokali kina mulmulawa kamar girman goro, ki birgima shi cikin riɗi, in babu riɗi ki rage garin biskit kaɗan tun farko ki yi da shi, ko kwakwa busasshiya. Wannan awon yana bani wajen guda 25, kuma a lissafina guda biyu zuwa uku zasu ba yaro furotin kusan na ƙwai ɗaya.

Masu firij da wuta ku sa shi na awa ɗaya ya ɗaure, zai kai sati a ciki. Mu da sai mu yi kwanaki bamu ga wutar ba, roba mai murfi nake sawa in ajiye a gindin randa kan jiƙaƙƙen yashi, sanyin wurin ya isa. Da hunturu yana kai min kwana biyar lafiya lau, da bazara kuwa kar ya wuce kwana biyu zuwa uku, don man yana tasowa ya saki jiki. Kiyashi kuma kin san halinsa da zaƙi, ki ɗora robar a faranti mai ɗan ruwa.

Wata maƙociyata da ta ji abin da ke ciki tace ai wannan shi ne abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti. Gaskiya akwai kama, shi ma gyaɗa ne da madarar gari da suga da mai, amma nasu an auna an ƙara masa bitamin da sinadarai na musamman, magani ne. Yaron da ya rame ko ƙafarsa ta kumbura asibiti za a kai shi, ba mulmule za a tura masa ba. Sannan jaririn da bai cika shekara ba ba a bashi zuma, ƙananan yara kuma ki marmasa musu kar ya maƙale a wuya. Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi kar ya kusance shi sam. Su Baba masu ciwon suga ma a yi haƙuri, biskit da zuma da kirim duk suga ne, ni nasa daban nake yi da gyaɗa da riɗi da garin wake da ɗan dabino biyu kacal, shi ɗin ma ɗaya nake bashi.

Nawa yaran bibbiyu nake ƙulla musu a leda in zasu tafi makarantar boko, su dawo ba wannan kukan yunwar kafin a sauke tuwo. Baban su kuwa da yace shi baya cin kayan yara, yanzu in zai tafi gona da sassafe sai naga robar gindin randa ta ragu da huɗu, na tambaya yace ƙila ɓera ne, ɓeran da ya iya buɗe murfi ya mayar.