Idan kaza ta mutu a gida: kurakuran da ke sa sauran su bi ta

Kaza ta mutu, sai a ce "ai kaza ce kawai", a ɗauke ta a wurga bayan katanga ko kan juji. Daga nan ɓarna ke farawa. Kare ya ja mushen, kajin unguwa su tsattsage wurin, kafin mako ya zagayo akurkin maƙwabta ma ya kamu. A haƙa rami mai zurfi a binne ta, a share akurki a ƙone sharar, a wanke kaskon ruwa da sabulu.

Amma a tuna yadda ta yi kafin ta mutu. Kashi kore mai ruwa-ruwa, fukafukai a sake, baki buɗe tana neman numfashi, wuya ya murɗe: alamun cutar Newcastle ke nan, wadda ke share gidaje da hunturu. Ƙwayar bairos ce, don haka kafson ja-da-yalon da ake fasawa a ruwa, da barkono, da sassaƙen maɗaci, ba sa kashe ta. Rigakafi ne maganinta, Lasota ko I-2, irin wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi. Masu lafiya ake ba wa, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4. Lasota ba ya jure zafi. Kwalbar da ta wuni a rana kan tebur, kuɗinki kawai kika zubar.

Wasu kuma tsoro ke sa su kwashi ragowar kajin su kai kasuwar Talata Mafara, su sayar wa bayin Allah cuta. Wannan ba dabara ba ce, cin amana ne. Mai saye ma ta kula: sabuwar kaza a killace ta mako 2 kafin ta shiga cikin na gida.

In wadda ta mutu kwanci take ta bar ƙwai, a sa su ƙarƙashin wata mai kwanci tun ba su huce ba. 'Yan tsaki kuwa ɗumi suke buƙata da tsakin gero, a kife su da kwando saboda shaho.

Zargin maƙwabciya da sa guba ya raba zumunci da yawa, alhali cuta ce. Maigida kuma ya daina dariya, kuɗin sabulu da maganin yara ne suka tafi.

Idan da yawa suka zube rana ɗaya, zankonsu ya yi baƙi, kada a yi saurin sa wuƙa don gudun asara. Wannan na iya zama murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2006, kuma tana kama mutane. A hana yara taɓawa, a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.